Idon Inna, Daren Uku ga Agusta

Kwana huɗu da likita ya kware mata auduga,
ya ce ban da sunkuyo, ban da hayaƙi,
Inna ta ce ita fa sai an kai ta bakin kogi.
Shekara bakwai tana lalube a Kalfu,
tana gane jikoki da sautin takunsu,
ga ta yau a Yamai
da baƙin tabarau irin na direban babbar mota.

Na goyo ta a babur, ina kauce wa taɓo,
don ruwan la'asar bai bar Gamkalle da hanya ba.
Muka sami wuri gab da gada,
tsakanin mai tsire da wata Bazabarma mai kopto,
yara sun cika ko'ina da tutocin takarda,
rabinsu sun jiƙe, launin ya zuba a hannu.

Na farko ya tashi da fito,
ya yi shiru can sama kamar ya fasa,
sannan ya fashe.
Jemagu suka watse daga kan itatuwa.
Inna ta damƙe mini hannu:
"Innalillahi, me kuma ya faru?"
Na ce, "Ba harbi ba ne, Inna. Wasan wuta ne, sallar ƙasa."
Ta ce, "Wasa da wuta?
Kai da na sha dukanka a kan haka?"

Sai suka yi ta zuwa.
Ruwan lemo, fari, tsanwa,
wani ja kamar barkonon da aka shanya a kan soro.
Jama'a na ihu, ita kuwa tana raɗa musu suna:
"Wancan furen albasa ne,
in an bar ta a lambu ta yi iri.
Wancan zangarniya ce, tsuntsu ya faɗa mata.
Wancan mai zubowa a hankali
gishirin da na ɓarar ne ranar auren Tsahara,
yau ga shi an maido mini."

Can ta matso kusa da kunnena:
"Buhun hatsi nawa ke nan aka ƙona?"
Na yi kamar ƙarar ta hana ni ji.
Ita ma ba ta sake tambaya ba.

Ƙasa da mu wani masunci ya tsai da jirginsa,
wuta a bisa kansa, wuta a ƙarƙashinsa,
yana zaune a tsakiya yana cin gyaɗa.
Inna ta cire tabarau.
Na ce, "Likita fa ya ce..."
Ta ce, "Likita yana gidansa."

Na ƙarshen fari ne fat.
Ya buɗe, ya ƙara buɗewa,
har gada da kogi da Harobanda suka koma rana tsaka.
Dubban wuya sun lanƙwasa baya,
dubban baki a buɗe,
mai tsire ya bar namansa yana ƙuna.
Na juyo in ce mata, kin gani?

Ashe ba sama take kallo ba.

Ta kai yatsu gemuna,
yatsun da suka san fuskata fiye da madubi.
Ta ce, "Nomau,
yaushe ka yi furfura?
Shekara bakwai ina shafa wurin nan,
hannu bai taɓa gaya mini ba."

Hasken ya ƙare kafin in sami amsa.
Hayaƙi ya sauko kan ruwa,
kwaɗi suka ci gaba daga inda aka katse su.

A hanyar gida tana bayana,
haɓarta a kafaɗata,
tana ƙirga fitilun titi da ƙarfi.
Ta kai goma sha tara, lissafi ya ɓace mata.
Ta daki bayana:
"Juya. Mu koma daga farko."